Cibiyar nazarin Koriya a jami'ar arewa: ina ya kamata ta dosa nan da shekara 20?

Malamin Tarihi, Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyar da tarihi a wata jami'a a nan arewacin Kamaru, kuma kwanan baya aka sa ni cikin wani ƙaramin kwamiti da aka ɗora wa rubuta takardar neman buɗe cibiyar nazarin Koriya. Maganar tana kan takarda ne tukuna, babu ofis, babu kujera, babu ko dala ɗaya da aka ware mata. Mun gama shafukan da suka shafi ɗakunan karatu da yawan ɗalibai ba tare da wata wahala ba, amma da muka iso shafin da ake so mu faɗi inda cibiyar za ta kai nan da shekara 15 ko 20, sai alƙalami ya tsaya.

Abin da abokan aikina suka kawo shi ne koyar da harshen Koriya, da shirya ranar al'adu sau ɗaya a shekara, da tura ɗalibai Seul ƙarin karatu. Ban ƙi ko ɗaya daga ciki ba, sai dai a ganina waɗannan ayyukan yau da kullum ne, ba su ne inda aka nufa ba. Wanda ya kama hanyar Ngaundere ba ya cewa shiga mota ne ya fito da shi daga gida.

Kamaru ta ƙulla hulɗar jakadanci da Koriya ta Kudu tun 1961, shekara ɗaya bayan samun 'yancin kai. Hukumarsu ta taimakon raya ƙasashe, KOICA, ita ta tallafa aka gina cibiyar kula da marasa lafiya na gaggawa da aka buɗe a Yawunde a 2015, babban asibitin nan na Garwa kuma da rancen bankin Koriya aka gina shi. Wayoyin Samsung suna aljihunmu, motocin Hyundai da Kia suna kan titunanmu. Duk da haka, a tsakaninmu da wuya ka sami wanda zai iya ɗaukar jaridar Koriya ya karanta maka shafi ɗaya ya gaya maka abin da suke faɗa a kanmu. Idan aka kwatanta da Sin, wadda ta gina mana madatsar Lagdo tun 1982, kuma yau ana horar da malaman Sinanci a babbar makarantar horon malamai ta Marwa, sai a ga tazarar da ke akwai.

Tambayata ga waɗanda suka yi karatu a can, ko suka yi aiki da Koriyawa, ko suka taɓa riƙe irin wannan cibiya ita ce: idan shekara 20 ta cika, da me za a auna a ce cibiyar ta yi amfani? Kuma mene ne ya kamata mu rubuta tun yau domin kada mu gina abin da zai rushe ranar da masu ba da tallafi suka nannaɗe tabarmarsu?

Ɗaliba Mai Dawowa, Ngaundere

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekara 3 a Koriya da tallafin karatun da gwamnatinsu take bayarwa, wanda ake kira GKS, shekarar farko ta harshe ce zalla, biyun da suka biyo baya kuma na yi mastar. Zan yi magana ne a kan harshen kawai, domin shi na sani, kuma ina ganin kwamitinku ya raina nauyinsa.

Abin da yake ruɗar mutane shi ne sauƙin rubutun. Hangul yana da baƙaƙe 14 da wasula 10, kuma duk wanda ya taɓa zaman makarantar allo ya haddace Alif da Ambaki zai iya karanta shi cikin mako guda. Daga nan sai mutum ya ɗauka ya ci rabin tafiya, alhali ko ƙofar gari bai fita ba. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, saboda haka sai ka jira mai magana ya gama kafin ka san ko ya yarda ne ko ya ƙi. Ɗafa-ƙeyar aikatau ɗin tana canzawa gwargwadon matsayin wanda kake magana da shi, yadda za ka ce da ƙaninka ya ci abinci dabam, yadda za ka ce da malaminka dabam, har kalmar cin abincin kanta takan sauya idan dattijo ne. A nan Bahaushe yana da sa'a, domin mun saba ce wa babba “ku”, mun saba kiran wanda ya girme mu Yaya ko da ba mu haɗa jini ba, su ma haka suke yi, kuma miƙa wa babba abu da hannu biyu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Na ga Turawa suna shan wahala a kan abin da ni tun ina yarinya aka koya mini a tsakar gida. Wahalar gaske tana cikin kalmomin ilimi, domin fiye da rabin kalmomin da ke ƙamusunsu daga Sinanci aka aro su, kamar yadda kalmomin addini da shari'a da mulki suka zo mana daga Larabci, sai dai nasu sun fi namu yawa nesa ba kusa ba.

Jarrabawar da ake auna iya harshen da ita, TOPIK, tana da matakai 6. Mataki na 3 ake nema daga gare mu a ƙarshen shekarar harshe kafin a bar mu mu shiga aji, kuma na samu, amma ranar da na zauna darasi na farko ban fahimci ko kashi ɗaya cikin uku na abin da malamin ya faɗa ba. Wannan fa ina zaune cikin ƙasar, ina jin harshen a kasuwa da cikin mota. To, ɗalibin da zai riƙa samun awa 4 a mako a Garwa, ya fita aji ya koma Fillanci da Hausa da Faransanci, shekara nawa zai yi kafin ya karanta littafin tarihi da harshen Koriya?

Saboda haka ina roƙon ku raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Akwai makarantun Sarki Sejong, waɗanda gwamnatin Koriya ta fara buɗewa a ƙasashen waje tun 2007, aikinsu koyar da harshe da al'ada ga duk mai so, kuma su ne suke ɗaukar nauyin littattafai. Cibiyar nazari a jami'a kuwa aikinta samar da masana ne. Idan abin da kuke so shi ne matasa su iya gaisuwa su fahimci waƙoƙi da wasannin kwaikwayon da suke kallo a waya, to ku nemi na farkon, ya fi arha kuma ya fi sauri. Idan kuwa na biyun kuke nufi, manufar da zan rubuta ita ce a cikin shekara 10 a sami 'yan ƙasa 4 ko 5 da suka kai mataki na 6, suka yi digirin dakta, suka dawo suna koyarwa. Kuma a rubuta littafin koyon harshen da aka tsara domin ɗalibinmu. Littattafan da na yi amfani da su, da Ingilishi suke bayani, ni kuwa da Faransanci na yi bakaloriya, sai na zama ina hawa tsani biyu kafin in kai ga ma'anar kalma ɗaya.

Injiniyan Noma, Yagwa

Malam, Allah ya ƙara basira. Ƙanwata ta Ngaundere ta yi gaskiya a kan harshe, amma ina jin tsoron kada ku kulle cibiyar a tsangayar adabi, ta zama ta masu nahawu kaɗai. Mu da muke bakin Logone abin da muke so mu sani game da Koriya shinkafa ne.

Koriya ta Kudu ta fito daga yaƙin 1950 zuwa 1953 a rushe, tana cin hatsin agajin Amurka, kuma duwatsu sun cinye mafi yawan ƙasarta. Kafin shekarun 1970 su ƙare ta wadatar da kanta da shinkafa. Idan jami'ansu suka zo taro sukan ba da labarin a taƙaice, su ce irin shinkafar da ake kira Tongil ne da shirin Saemaul, wato yunƙurin sabunta ƙauyuka da aka fara a 1970. Labarin yana da daɗin ji: gwamnati ta raba wa kowane ƙauye buhun siminti 335, ƙauyukan sun haura 33,000, ta ce su yi abin da suka ga dama na amfanin kowa, waɗanda suka yi abin kirki aka ƙara musu siminti da rodi, waɗanda suka yi sakaci aka tsallake su. Na ji ana maimaita wannan a tarurruka har na haddace, kuma kullum ana ƙarewa da cewa mu ma mu gyara halinmu mu haɗa kai.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne shekara 20 kafin simintin nan an riga an raba gonaki. Dokar da aka fara aiwatarwa a 1950 ta hana mutum ya mallaki gonar da ta wuce kimanin hekta 3, aka karɓi rarar aka ba masu noman haya, su kuma suka biya da amfanin shekara ɗaya da rabi cikin shekara 5. Manomin da ya ɗauki simintin ya gyara hanyar ƙauye, hanyar gonarsa ta kansa yake gyarawa. Ku kwatanta shi da manominmu a filayen SEMRY, kamfanin shinkafa na gwamnati, a Yagwa da Maga, wanda yake noma fegin da ba nasa ba, yana biyan kuɗin ruwa da na huɗa kowace kaka. Ba ina cewa ɗaya daidai ɗaya kuskure ba ne, ina cewa wanda zai ba mu shawarar mu kwaikwayi Saemaul ba tare da ya taɓo maganar mallakar ƙasa ba, ya ba mu tuwo ne ya riƙe miya.

Haka ma irin Tongil ɗin. An samo shi ne ta hanyar haɗa irin shinkafar ƙasashe masu zafi da irin da Koriyawa suka saba ci, tare da cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, kuma ya ba da amfani mai yawa. Amma mutane ba su so ɗanɗanonsa ba, malaman gona sun matsa wa manoma lamba kafin su shuka shi, gwamnati ce ta riƙa saye da farashi mai tsoka, cuta ta faɗa masa a 1978, sanyi ya lalata shi a 1980, daga baya aka daina shuka shi gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin sayar wa matar Marwa shinkafar gida alhali ta saba da ta waje ya san maganar ɗanɗano ba ƙaramar magana ba ce.

Dalilin da ya sa wannan ya zama na gaggawa shi ne a 2023 Koriya ta ƙaddamar da wani shiri na samar da irin shinkafa a Afirka, K-Ricebelt, kuma Kamaru tana cikin ƙasashen farko da suka shiga. Irin zai zo, masana za su zo. Wa zai zauna gefenmu na teburin wanda ya karanta rahotanninsu na asali, ba taƙaitawar da aka fassara domin baƙi ba? Manufar da nake so ku rubuta ke nan: cibiyar ta haifar da mutanen da suka san gonar Koriya da gonar Logone duka biyu, kuma a tilasta wa kowane ɗalibin mastar ya ɗauki matsala ɗaya ta nan gida, ruwan Lagdo ne, ko audugar kamfanin SODECOTON, ko sayar da albasa, ya duba yadda Koriya ta yi da makamanciyarta, ya faɗi abin da zai ɗauku da abin da ba zai ɗauku ba.

Mai Nazarin Siyasa, Injamena

Ina gaishe ku daga wannan ƙetaren kogin. Cadi ma a 1961 ta ƙulla hulɗa da Koriya ta Kudu, ko da yake ofishin jakadancin da yake kula da mu a Yawunde yake, saboda haka abin da kuka gina zai shafe mu. Ku yi mini afuwa idan na zuba ruwan sanyi kaɗan.

Malam ya tambayi abin da zai hana cibiyar rushewa, to sai a fara da tambayar wa zai biya. Kuɗin irin waɗannan cibiyoyi a duniya yawanci daga wurare biyu suke fitowa, Gidauniyar Koriya da aka kafa a 1991, da Cibiyar Nazarin Koriya ta ƙasa da aka kafa a 1978, wadda take da tallafi na musamman ga jami'o'in da suke farawa. Tallafin na shekara 3 ne zuwa 5, ana iya sabuntawa, ana iya ƙi. Na taɓa aiki a wata cibiya da wata ƙasar waje ta ɗauki nauyinta, ba Koriya ba. Shekara 4 muna cikin sanyin na'ura, ana buga mana takardu masu ƙyalli, da wa'adin ya cika baƙon malamin ya koma gida, kwamfutocin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, yau ɗakin ma'ajiyar karyayyun kujeru ne. Babu wanda ya ci amanar kowa. Jami'ar ce ba ta taɓa sa ko mutum ɗaya daga cikinmu a jerin masu albashinta na dindindin ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Idan takardarku ba ta ƙunshi alkawarin kujerun koyarwa da gwamnati za ta riƙa biya daga shekara ta 4 ko ta 5 ba, sauran shafukan ado ne.

Na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne 'yancin faɗin abin da aka gano. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Injiniya ya nuna yadda ake gutsure labarin noma, ni kuma zan ƙara da na siyasa. Park Chung-hee, wanda ake jingina wa haɓakar ƙasar, da juyin mulki ya zo a 1961, ya riƙe ƙasar har aka harbe shi a 1979. A 1980 sojoji sun kashe fararen hula a birnin Gwangju, kuma sai a 1987, bayan jama'a sun cika tituna, aka amince da zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Masana'antun ma ba da ƙwazo kaɗai aka gina su ba. Amurka ta zuba agaji mai yawa saboda yaƙin cacar baka, yarjejeniyar 1965 da Japan ta kawo dala miliyan 300 kyauta da miliyan 200 rance, wanda da wani ɓangarensa aka gina masana'antar ƙarfe ta Pohang, sojojin Koriya fiye da 300,000 sun je yaƙin Biyetnam ana biyan ƙasar, ma'aikatan haƙar kwal da ma'aikatan jinya sun tafi Jamus ta Yamma suna aiko da kuɗi. A yankinmu, inda muka san mulkin soja ciki da bai, akwai masu sha'awar su ji cewa ƙasa ba ta ci gaba sai da bulala, kuma cibiyar da ba ta yi hattara ba za ta wayi gari tana ba su hujja. Koriyawa da kansu suna gardama mai zafi a kan zamanin Park har yau, bai kamata mu fi su yabonsa ba.

Ga gwaji mai sauƙi. A ƙarshen 2010 ma'aikatar harkokin wajen Koriya ta fitar da sanarwa a kan lu'ulu'un Mobilong da ke gabashin Kamaru, hannun jarin kamfanin da ya sami izinin haƙa ya yi tashin gwauron zabo, daga baya masu binciken gwamnatin Koriya kanta suka ce an zuzuta adadin. Idan ɗalibi ya zo yana so ya rubuta kundinsa a kan wannan, cibiyar za ta karɓa ko za ta ce ya nemi wani batu kada a ɓata wa mai tallafi rai? Sannan sunan cibiyar Koriya ne, ba Koriya ta Kudu ba. Ta Arewa ma tana da tarihi mai tsawo a Afirka, masu sassaƙarta ne suka gina katafaren gunkin nan na Dakar da aka buɗe a 2010. Za a karanta ta, ko za a yi kamar babu ita?

Ɗan Kasuwa, Kuseri

Malamai, ni ba ɗan jami'a ba ne, kayan gyaran mota nake sayarwa, kuma ɗana yana shekarar ƙarshe a lise, shi ya sa nake bin wannan magana. Yaran da suka karanta Sinanci sun sami aikin tafinta domin kamfanonin Sin suna ko'ina, a wurin gina hanya da wurin haƙar mai. Koriyawa ba su da yawa haka a ƙasashenmu, kayansu ma yawanci ta Dubai ko ta Duwala suke iso mu, a hannun dillalan da ba Koriyawa ba. Idan kuka ɗauki yara 100 kowace shekara kuka ba su digirin harshen Koriya kaɗai, ina jin tsoron ku ƙara mana masu tuƙa babur ne masu takarda. Roƙona shi ne yaro ya karanta abin da zai ci abinci da shi, injiniya ne ko likitanci ko lissafin kuɗi, harshen ya zama ƙari a kai, kuma ku gaya wa iyaye gaskiya tun ranar rajista.

Tsohon Malami, Marwa

'Ya'yana, na karanta duka, kuma kowannenku ya riƙe ƙafa ɗaya ta abin. Akwai wadda ba a taɓa ba. Kuna magana kamar mu ne kaɗai masu zuwa ɗiban ruwa a rijiyar wasu. A Jami'ar Hankuk ta nazarin harsunan waje da ke Koriya, a sashen nazarin Afirka, ana koyar da Hausa tare da Swahili da Zulu. Ana nan ana zaune, wani yaro Bakoriye yana fama da bambancin “ƙ” da “k” kamar yadda 'yata ta Ngaundere ta yi fama da nasu. Wannan yaron yana bukatar inda zai zo ya ji Hausar kasuwa, ya ga yadda take zama da Fillanci da Kanuri da Larabcin Shuwa a gari ɗaya, abin da ba zai samu a littafi ba. Cibiyar da take da abin bayarwa ba a yi mata kallon almajiri. Da ni ne, da na sa a cikin manufofin cewa masu binciken Koriya da suke son sanin yankin Tafkin Cadi su san cewa ta ƙofarku ake shiga, kuma a ɗauki aikin ƙamus na Hausa da harshen Koriya a matsayin aikin shekara 15 da ɓangarorin biyu za su yi tare. Aiki ne mai cin rai, ba ya kawo suna da wuri, amma shi ne irin abin da yake saura bayan an manta da waɗanda suka yanka ƙyallen buɗe taro.

Akwai kuma darasin da ya fi shinkafa kusa da zuciyata. Sarki Sejong ya ƙirƙiro Hangul a 1443, aka bayyana shi ga jama'a a 1446, domin talaka ya iya rubuta harshensa. Malaman fada suka raina shi, suka ci gaba da rubutun Sinanci, suna ganin sabon rubutun na mata ne da marasa ilimi, sai a 1894 aka yarda a yi takardun hukuma da shi. Shekara kusan 450 ke nan rubutun yana raɓe a gefe. Sannan Japan ta mulke su daga 1910 zuwa 1945, a ƙarshen mulkinta ta kori harshen daga makarantu. Yau da wannan harshen suke koyar da likitanci da injiniyanci. Wanda ya san yadda aka yi da ajaminmu, ya san cewa yaronmu yana shiga aji ranar farko a yi masa magana da harshen da uwarsa ba ta ji, ba ya bukatar a gaya masa dalilin da ya sa wannan tarihi ya shafe mu. Ba ina nufin mu ari rubutunsu ba. An gwada hakan a 2009 da harshen Ciya-Ciya a wani tsibiri na Indunisiya, mu kuwa muna da rubutu biyu tun tuni, ba na uku muke nema ba. Abin nazarin shi ne yadda suka fassara ilimin zamani zuwa harshensu, wa ya ƙirƙiro kalmomin, wa ya biya, shekara nawa aka ɗauka.

Game da tsawon lokaci, kada gaggawa ta ɗebe ku. Cibiyar nazarin Koriya ta Jami'ar Hawai da ke Amurka tun 1972 take, Jami'ar Ain Shams ta Alƙahira ta buɗe sashenta na harshen Koriya a 2005, kuma sai da aka yi shekaru kafin ɗalibanta na farko su zama malamai a cikinsa. Jami'ar Ngaundere a 1993 ta tsaya da ƙafarta, ta Marwa a 2008, ta Garwa a 2022, duka yara ne. Idan kowacce ta ce sai ta yi tata cibiyar, za a sami ɗakuna uku da malami ɗaya yana yawo a tsakaninsu. A yi guda ɗaya, a buɗe ƙofarta ga sauran, har da 'yan'uwanmu na Injamena, tunda gada ce kawai tsakaninsu da Kuseri.

Malamin Tarihi, Garwa

Baba, na gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganar Hankuk ta sauya mini yadda nake kallon takardar gaba ɗaya, domin yanzu muna da abin da za mu ajiye a kan tebur. Na gode wa sauran 'yan'uwa ma.

Na zauna daren jiya na sake rubuta shafin. Na cire ranar al'adu daga manufofi na mayar da ita cikin ayyuka. Na sa cewa kafin shekara ta 12 wanda zai shugabanci cibiyar ya zama wanda ita ta horar, kuma jami'a ta ɗauki malamai 2 a kan albashin dindindin kafin tallafin farko ya ƙare. Na bi shawarar Alhaji na Kuseri, ba za mu nemi digirin farko na harshe zalla ba, darasin zai zama ƙari ga ɗaliban kowace tsangaya, bincike kuma ya fara daga mastar. Kwatancen da Injiniya ya nema da ƙamusun da Baba ya kawo duka sun shiga.

Inda na kasa shi ne maganar ɗan'uwana na Injamena. Na rubuta sakin layi da yake cewa majalisar malaman jami'a ce kaɗai za ta amince da batutuwan bincike, mai tallafi ba shi da ta cewa, amma biyu daga cikin 'yan kwamitin suna ganin wannan zai sa a jefar da takardar tun kafin a karanta shafi na biyu. Ni ina ganin tun ran gini ake zane, su kuma suna ganin a fara samun ginin. Za mu sake zama ranar Talata. Kafin nan, Malama ta Ngaundere, ina da tambaya: cikin waɗanda kuka tafi tare, me ya hana wasu dawowa, kuma me za mu rubuta wanda zai sa wanda muka tura ya dawo?

Ɗaliba Mai Dawowa, Ngaundere

Malam, ba son zaman can ne ya riƙe su ba, sanyin hunturu da neman naman halal a garuruwan da ba Seul ba sun isa su sa mutum kewar gida. Abin da ya riƙe waɗanda na sani shi ne babu takardar ɗaukar aiki da take jiransu. Ni na dawo ne saboda mahaifiyata, kuma na yi wata 14 ina kai takardu ofis-ofis kafin a daidaita digirina da na gida, yanzu haka darasin awa-awa nake koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Idan kuna so su dawo, ku zaɓe su kafin su tafi, ku ba su takardar da ta nuna kujerar da za su hau da ranar da za su fara, su kuma su sa hannu cewa za su koyar shekara 5. Idan kwamitin ya amince, zan iya zuwa ranar Talatar da littattafan da na yi karatu da su, ku ga abin da nake nufi da tsani biyu.